Jegon Gimbiya

Na yi shekaru masu yawa a aikin asibitin dabbobi, na manta shanu da masu shanu ba iyaka, amma safiyar da Inna Tabawa ta shigo mana da kwando a ka ba ta taɓa barin raina ba. Ku da kuka zo aikin nan yanzu, kuna ganin ana kawo kyanwa da kare a bayan mota, ba za ku ga abin mamaki a labarin ba sai na gaya muku lokacin da ya faru.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Damina ta yi gardama, gero bai yi ba, a kanti kuma sai an yi layi kafin a sami sabulu. Ni a lokacin ina matakin mataimakin likita, wato abin da mutanen ƙauye ke kira malamin dabbobi. Ga wanda bai san tsarin ba, likita shi ke duba ciwo ya faɗi abin da za a yi, shi ke riƙe wuƙar tiyata. Malamin dabbobi kuwa shi ke riƙe dabba, ya yi allura, ya wanke ciwo, ya dafa kayan aiki, sannan ya bi dabbar har gida ya ga yadda ta kwana. Ƙasa da ni ya kamata a ce akwai lebura, amma an sallami namu, don haka shara ma ni ke yi.

Asibitin namu ɗaki biyu ne da rumfa, a wani gari arewa da Kano, kan hanyar Watari. Likitanmu Dakta Yusha'u, dogo ne marar yawan magana, wanda sai an yi sa'a ake ganin haƙoransa. Kabad ɗin magani ya kusa zama gidan gizo-gizo. Babur ɗin ofis yana jingine babu mai, duk inda za ni sai dai keke. Majinyatanmu awaki ne da tumaki da shanun huɗa da jakuna. Zomo kuwa a wajen mutanen yankin ba majinyaci ba ne, nama ne.

Inna Tabawa ba baƙuwa ba ce a wajen kowa. Ungozoma ce, rabin mutanen ƙauyensu ita ta yanke musu cibiya. Gajeriya ce, ta tsufa, amma hannunta in ya kama ka sai ka san an kama ka. Tare da ita akwai ɗanta na fari, Malam Isyaku, mai koyar da Alƙur'ani a zaurensa, manomi kuma. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, Malam take ce masa kamar kowa.

Ta sauke kwandon a kan teburin da muke ɗora raguna, ta yaye zanen da ta rufe shi da shi. Sai ga farar zomanya mai baƙin kunne ɗaya, ta yi ɓul-ɓul a shekarar da babu wanda ya yi ƙiba.

"Gimbiya ce," in ji ta, kamar tana gabatar mana da baƙuwa. "Kwana biyun nan jini nake gani a fitsarinta. Ɗan nan, kira min likitan, ba kai nake nema ba."

Na kira Dakta. Na zaci zai ce min in sallame su da haƙuri, amma sai ya wanke hannu, ya ɗauki zomanyar a hankali, ya dinga taɓa cikinta da kan yatsunsa. Ya tambayi shekarunta, ya tambaya ko ta taɓa haihuwa. Inna ta ce Gimbiya ta kwana biyu a duniya, kuma ba ta taɓa ganin namiji ba. Dakta ya gyaɗa kai, ya ce ƙari ne a mahaifa. Ku riƙe wannan, ku masu koyon aiki: zomanyar da ta yi shekaru, musamman wadda ba ta haihuwa, wannan ciwon yana yawan kama ta, kuma maganinsa shi ne a yi tiyata a cire mahaifar da ƙwayayen haihuwar gaba ɗaya, tun kafin ya bazu.

"Mahaifa za a cire?" Inna ta faɗa. Macen da ta ƙarar da rayuwarta a kan mahaifar mata, ba ƙaramar magana aka gaya mata ba. Can ta juya wajen ɗanta. "Malam, kai ne mai karatu. Ya halatta?"

"In don magani ne, Inna, babu laifi," ya ce. Sannan ya dubi Dakta. "Amma likita, a gaya mana gaskiya. In ba za ta tashi ba, gara a yanka tun da ranta, kada ta zama mushe. Yara a gida sun manta ɗanɗanon nama."

Inna ta ja zane ta rufe kwandon. "Malam, ka ƙara ambaton wuƙa a gabanta, ni da kai ne."

Ni dai a raina na ba Malam gaskiya, ba zan ɓoye muku ba. Muna fama da maganin shanun da mutane ke noma da su, a ce a ƙarar da allurar barci a kan zomo? Sai da na raka shi bakin rumfa ya ja ni gefe, sannan na gane abin da ke cikin kwandon nan.

Ya ce Gimbiya ta ƙanwarsa Rabi ce, autar Inna, tun tana 'yar ƙaramar zomanya take rainonta. Bara Rabi ta zo haihuwar fari, naƙuda ta yi tsawo har ta fi ƙarfin Inna, aka kai ta asibiti a birni, aka yi mata tiyata. Ba ta dawo ba, ita da abin cikinta. Tun daga ranar Inna ta daina zuwa karɓar haihuwa, ko wa ya aiko sai ta ce a nemi wata. Abinci kuwa sai an yi da gaske. Lokacin da kawai ake ganin ta sa wani abu a bakinta shi ne in ta zauna tana ba Gimbiya ganye.

"Malam Habu, ni ba mugunta nake ji ba," ya ce da ni. "Tsoro nake. Gara a ce ni na yanka, ta yi fushi da ni shekara guda, da a ce an sake yanka mata wani cikin an kasa. Wallahi in haka ta faru, ba zomo kaɗai za mu binne ba."

Na koma na gaya wa Dakta. Ya buɗe aljihun teburinsa ya fito da 'yar kwalbar allurar barci da ya ɓoye, ya ɗaga ta wajen haske ya duba abin da ya rage. Ya ce su dawo ranar Alhamis da safe.

To a nan akwai abin da ya kamata ku sani. Kare da kyanwa muna hana su abinci kafin tiyata, don kada su yi amai suna cikin barci ya shaƙe su. Akuya da sa ma muna rage musu saboda tumbi. Zomo kuwa ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son hutu ko kaɗan. In cikinsa ya zauna babu komai, hanjin sai ya tsaya, kuma tayar da shi aiki ne ja, sau da yawa a nan ake rasa dabbar. Don haka na tsuguna a gaban Inna na ce ta bar Gimbiya ta ci abincinta har safiyar ranar, ta ma zo da ganye a cikin kwandon. Na maimaita. Ta ce, "To." Ashe na ladabi ne kawai.

Ranar Alhamis suka iso da sassafe. Na buɗe kwando, na tarar da shi fes, babu ganye ko ɗaya, babu kashi. Gimbiya ta takure a gefe tana kallona.

"Inna, yaushe rabonta da abinci?"

"Tun la'asar ɗin jiya. Ko ruwa ban ba ta ba."

"Haba Inna! Me na gaya miki?"

"Na ji abin da ka faɗa. Amma a asibitin birni cewa suka yi ko ruwa kada Rabi ta sha. Ko ita Gimbiya ba ta kai a yi mata yadda ake yi wa mutane ba ne? Ni ba a yi min aikin ganin ido."

Malam Isyaku ya ce ita ma kanta tun jiyan ba ta sa komai a bakinta ba, wai ba za ta ci ta bar yarinya tana kallo ba. Ni mutum ne mai saurin hawa, na buɗe baki zan yi faɗa, sai Dakta ya ɗaga min hannu. Ya ce da ita, "Inna, cikin mutum daban, na zomo daban. Ba raini ba ne, haka Allah ya halicce ta. Yau ba za a yi aiki ba sai ta ci ta ƙoshi." Ya ɗage tiyatar zuwa Litinin. Na zagaya bayan asibiti na tsinko zogale, Gimbiya ta hau ci ba ko kunya. Dakta kuma ya buɗe fulas ɗinsa ya zuba shayi, ya raba burodinsa biyu ya tura gaban Inna. Ta ce ta ƙoshi. Ya ce mai jinya in ta faɗi, wa zai yi jinyar? Ta harare shi, ta ɗauka ta ci.

Ranar Litinin kwando ya zo cike da harawa da kashin zomo, abin da ya faranta min rai ƙwarai. Babu wutar lantarki, don haka muka jawo teburi bakin taga. Na dafa kayan aiki a kan risho. Sikelinmu na raguna ne, ba ya ma jin nauyin zomo, sai da na aro na mai sayar da gyaɗa a kasuwa muka auna ta, domin allurar barci da nauyin dabba ake ƙiyasta ta, in ta yi yawa barcin ya zarce. Na aske cikinta da reza ina ɗauke numfashi, saboda fatar zomo ba ta da kauri, kaɗan za ka kuskure ta yage. Inna tana rumfa da carbinta, ta ƙi zama a kan benci, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa daidai ƙarƙashin tagar.

Dakta Yusha'u hannunsa ya saba da cikin saniya, inda mutum ke zura hannu har kafaɗa. A ranar kuwa da kan yatsu ya yi aiki. Ni aikina in zuba wa ƙirjinta ido in ga yana ɗagawa, in kuma miƙa abin da ya nema. Ya fito da mahaifar, ta kumbura ta yi gudaji-gudaji, ya ɗaure jijiyoyi, ya yanke, ya ɗinke. Ɗinkin fatar ta ciki ya yi shi, domin zomo in ya ga zare a jikinsa sai ya tsinke shi da haƙori. Da ya gama ya sauke ajiyar zuciya, na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Inna ta ce a nuna mata abin da aka cire. Na kawo mata a 'yar tasa. Ta duba da idon wadda ta san aikin, ta juya shi da tsinke, ta ce, "Lallai wannan ta gama amfani." Sai ta kwance bakin zaninta ta yago tsumma, ta naɗe mahaifar, ta ce za ta binne a bayan ɗaki kamar yadda ake binne mabiyiya. Na dubi Dakta, ya ce a ba ta.

Da Gimbiya ta farfaɗo na jera wa Inna dokoki. A ajiye ta wuri mai ɗumi, marar hayaniya. A shimfiɗa mata tsumma mai tsabta, ba ƙasa ba, ba dusa ba. Kada ruwa ya taɓa ɗinkin. Kada a ɗauke ta ta kunne ko ta ciki. Abu biyu kuma za a sa wa ido: ci da kashi. In ta ci ta yi kashi, an tsallake. In gari ya waye ba ta yi ko ɗaya ba, akwai matsala. Na ce zan zo da safe in yi mata allurar rage zafi. Inna ta sake cewa, "To." Wannan karon ban yarda da ita ba.

Washegari na hau keke na bi ta cikin gonaki, wannan na manne da wannan, karan geron ko kafaɗata bai kai ba. Tun daga nesa na hango hayaƙi yana tashi daga gidan, irin wanda ya fi ƙarfin girkin safe. Malam Isyaku yana tsaye a ƙofar zaure. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Shiga da sauri, ni na yi magana an ce in yi shiru."

Na yi sallama na shiga. A tsakar gida ga wata ƙatuwar tukunya a kan murhu, ruwa yana tafasa. Ga damin ganyen darbejiya a gefe, ga ƙwarya cike da kunun kanwa. Matan maƙwabta sun cika gidan, wai sun zo barka. Inna ta ɗaure zani a ƙirji, ta tsoma ganyen a ruwan zafi tana karkaɗewa. Gimbiya kuwa an fito da ita an ajiye a kan tabarma, ta dunƙule, idonta a lumshe. Wankan jego za a yi mata, irin wanda ake yi wa macen da ta haihu, a dinga fyaɗa mata tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma.

Ban san lokacin da na yar da jakata ba. "Inna, tsaya! Don girman Allah tsaya!"

Ta tsaya da ganyen a hannu yana ɗiga. Na ce ruwan nan in ya taɓa ta ko sau ɗaya ta mutu, ɗinkin ma zai buɗe, kanwa kuma ba abincin zomo ba ce. Muryata ta ɗaga, na sani, domin matan duk sun juyo.

"Ɗan nan," ta ce, "tun ba a haifi uwarka ba nake wannan aikin. An yanka ciki, an taɓa mahaifa, jiki ɗanye ne. In ba a gasa shi ba sanyi ya shiga. Taɓa kunnenta ka ji."

Na tsuguna na taɓa. Kunnuwan sun yi sanyi ƙalau. Na tambaya ko ta ci wani abu, aka ce ko kallon harawar ba ta yi ba. Na duba tsummanta, babu kashi ko ƙwaya ɗaya. Abin da nake tsoro ya fara. Na ɗaga kai na hangi Malam Isyaku a bakin ƙofa, ya yi min wani kallo da na gane ma'anarsa: in babu hali, in yi masa ishara ya yanka tun da sauran rai.

Na ce, "Inna, komai za a yi, ban da wankan nan."

Sai ta saki ganyen ya faɗi ƙasa. Ta nuna tukunyar. "Ka ga wannan? Don Rabi na saye ta." Ta nuna tarin itace a jikin katanga, ya kai tsayin mutum. "Wancan mijinta ne ya tara tun cikinta yana wata bakwai. Ban yarda an ƙona ko tsinke ɗaya ba sai yau. Na yi wa 'ya'yan mutane jego ba adadi, ban yi wa tawa ba. Yanzu ita ma ka ce kada in yi mata. To me zan yi? In zauna in zuba ido, kamar yadda na zauna a barandar asibiti?"

Wallahi tausayinta ya kama ni. Na tsaya ina kallon tukunyar nan, ina jin sanyin kunnen zomanyar a hannuna, sai na ga ai tsohuwar ba ta yi kuskure a ciwon ba. Sanyi ne ya kama Gimbiya, kuma ɗumi take buƙata. Hanyar ce kawai ba ta zomo ba.

Na ce, "Inna, gaskiyarki. Sanyi ya shige ta, kuma jego za a yi. Amma jegon zomo ba a jiƙa jiki. A samo min kwalabe."

Aka kawo kwalaben man gyaɗa aka wanke. Na ɗebi ruwan tukunyar na surka, har ya zama in ka ɗora a cikin hannunka za ka iya jurewa. Muka cika kwalaben, muka toshe da totuwar masara, muka naɗe kowace da tsumma, muka jera su kewaye da Gimbiya a cikin kwandonta a ƙuryar ɗaki. Na ce da zarar sun huce a sake wasu, wato wutar nan ba za ta mutu ba. Na ga kafaɗun Inna sun ɗan miƙe.

"Kunun fa?" ta tambaya.

Na ce mai jego za ta sha nata kunun, amma na ganye. Aka daka zogale da harawa, aka dama da ruwa ya yi kauri kaɗan. Na cire allura daga sirinji, na zuƙo, na nuna mata yadda ake sa shi ta gefen baki, bayan haƙoran gaba, a matsa kaɗan a jira ta haɗiye, kada a yi gaggawa ta shaƙe. Sau ɗaya na nuna ta karɓe sirinjin. Hannun da ya saba da bakin jarirai, ai ba sai an koya masa haƙuri ba. Na ce ta dinga shafa mata gefen ciki a hankali, nesa da ɗinkin. Kunun kanwar kuwa na tura gaban Inna, na ce wannan na mai jinya ne, umarnin likita. Na kuma ce zomo hayaniya tana hana shi ci. Kafin in rufe baki Inna ta fita tsakar gida tana kora: "Kowa ta kama gabanta! Yaushe aka fara cika wa mai jego ɗaki?"

Na yi allurar na koma ofis na ba Dakta rahoto. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in koma da la'asar, sauran aikin zai riƙe. Kafin in koma na zarce wani lambu wajen Watari, na roƙi mai shi ganyen karas ɗanye, domin ƙamshinsa yana jan zomo. Na tarar kunnuwan sun yi ɗumi, amma har yanzu ba ta ci da kanta ba, kashi kuma shiru. Na ajiye ganyen a gaban hancinta, ta kau da kai.

A zaure na sami Malam Isyaku zaune, dutsen wasa wuƙa a gabansa, wuƙar a ƙarƙashin buzu. Ya ce, "Malam Habu, faɗa min tsakaninka da Allah." Na ce tsakanina da Allah ban sani ba, amma ina roƙon ya ba ni zuwa safiya. Ya ce Allah ya kai mu. Na hau keke na tafi.

Da gari ya waye ban ko karya ba na kama hanya. Ina jingine keke a ƙofar gidan sai na ji an rangaɗa guɗa daga ciki. Na shiga, Inna ta taro ni da faifai a hannu biyu, tana tafe a hankali kamar ta ɗauko kayan lefe. A kan faifan ga 'yan ƙwayoyin kashin zomo, ƙanana, busassu, ba su da ko kyan gani.

"Ɗan nan, duba! Duba abin da yarinyar nan ta yi!"

Na yi shekaru ina kallon kashin dabbobi, ban taɓa ganin wanda ya yi min daɗi kamar wannan ba. Na leƙa ɗaki, ga Gimbiya zaune tsakanin kwalabenta, ganyen karas yana shigewa bakinta a hankali. A bakin ƙofa kuwa Malam Isyaku ne a tsugune, da wuƙar nan da ya wasa jiya, yana yayyanka mata sauran ganyen ƙanana-ƙanana. Ya ɗago ya ga ina kallonsa, ya ce, "To, ai an riga an wasa ta."

Bayan 'yan kwanaki ɗinki ya kama, na ce wa Inna kwalabe sun isa haka, Gimbiya ta warke. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a garinku ne ake katse jego? Arba'in za a yi. Na kai ƙara wajen Dakta. A ranar na ga haƙoransa gaba ɗaya. Ya ce in dai ba a jiƙa ta ba, kuma kwalaben ba su yi zafi ba, in ƙyale tsohuwa da wutarta. Haka ta dinga hura wuta safe da yamma, tana cika kwalaben da Gimbiya ta daina kulawa da su, tana shan kununta, har itacen Rabi ya ƙare.

Wata safiya ina shara sai ga su, ita da Malam. Ta ci ado, ta sa kwalli, kwando a ka, ƙwaryar fura a hannun ɗanta, a shekarar da fura ba abin kyauta ba ce. Ta ce yawon arba'in suka fito, kuma gidan dangi na farko da za a kai mai jego shi ne nan. Dakta ya karɓi Gimbiya ya duba tabon, ya ce madalla. Inna ta yi ƙiba kaɗan, ta kuma sami bakin tsokana, ta ce ni dai in rage faɗa ko na sami matar da za ta zauna da ni.

Da za su tafi Malam Isyaku ya tsaya a baya. Ya ce makon da ya wuce an aiko daga maƙwabta cewa wata yarinya tana naƙuda, Inna ta ɗauki mayafinta ta tafi ba tare da kowa ya roƙe ta ba. An sauka lafiya. Na tambaye shi tukunyar fa? Ya ce tana can gidan mai jegon, a kan wuta.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan, ku da za ku gaje mu. Ku san aikinku sosai: zomo ba a hana shi ci kafin tiyata, bayan tiyata kuma ɗumi da ci da kashi su ne ransa. A kan wannan kada ku sassauta wa kowa, komai tsufansa. Amma dabba ba ta kawo kanta asibiti, wani ne ke ɗauko ta, kuma sau da yawa shi ma da nasa ciwon ya zo. In kun hana shi abin da ya iya, to ku ba shi wani abin da zai yi da hannunsa. Ranar da na shiga gidan nan, abin da na fara nufi shi ne in sa a kashe wutar a zubar da ruwan. Na gode wa Allah da na taɓa kunnen zomanyar kafin in yi haka.